Ɗan Hakin da Aka Raina: Batun Sauya Diraya a Firjin Lemo a Tamale

A watannin Maris da Afrilu, zafin rana a Tamale yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas. A wannan lokaci babu kayan da ya kai firji mai ƙofar gilashi daraja a shagunan kasuwar Aboabo da unguwannin Lamashegu da Sakasaka da Hausa Zongo. A cikinsa ake jera lemun kwalba da ruwan leda da yogot, tare da zoɓo, wanda mutanen Gana ke kira sobolo, da lamurji da burkina, wato haɗin gero da nono. A shekarun 2024 da 2025 azumin Ramadan ya faɗo a watan Maris, ya haɗu da tsakiyar zafi, kuma kowa ya san yadda ake rububin abin sanyi gab da shan ruwa. Idan firji ya tsaya a irin wannan rana, lemun kwalba zai jira gobe, amma burkina da yogot ba sa jira. Kafin gari ya waye sun yi tsami, jarin mai shago ya bi rariya.

Abin da ke biyo baya sananne ne ga duk mai zama a kasuwa. Mai shago ta aika a kira mai gyara. Ya zo da geji da tukunyar gas a bayan babur, ya ɗora hannu a kan kwamfireso, ya saurara, sannan ya ce, "Hajiya, gas ne ya ƙare." Ita kuma ta ce, "To Masta, a ƙara mini, amma don Allah a yi sauri, kuma a sassauta kuɗi." Ya toshe inda ya ga alamar yoyo, ya ɗura gas, firji ya ɗauki sanyi, kowa ya yi murna. Bayan makonni kaɗan sanyin ya fara yi yana ɗaukewa. Bayan watanni kwamfireso ya ƙone. A nan sai zargi ya tashi: Hajiya ta ce an cuce ta, Masta ya ce laifin wutar lantarki ne. Sau da yawa abin da ya jawo asarar yana nan manne a bayan firjin, wani ɗan bututun jan ƙarfe da tsawonsa bai fi ɗan yatsa ba, wanda ya kamata a ce an yanke shi an jefar tun ranar gyaran farko.

Masu sana'ar suna kiran wannan ɗan bututu diraya. Kalmar aro ce daga Turanci, daga aikatau mai ma'anar busarwa, kuma ta bi hanyar da kalmomi irin su direba suka bi: an raba baƙaƙen da suka haɗu a farkon kalma da wasali, an rufe ta da wasali kamar yadda Hausa ke so. Wanda yake son bayyana shi da Hausa tsantsa yana iya cewa matata mai tsotse danshi, domin ayyukansa biyu ne, tacewa da tsotsewa. Ƙa'idar da ya kamata kowane mai gyara a Tamale ya riƙe, kowane mai shago kuma ya nema a matsayin haƙƙinsa, ita ce: duk lokacin da aka buɗe bututun gas na firji, ko gas ya zube ta hanyar yoyo, ko aka sauya kwamfireso, to dole ne a sa sabon diraya. Gyaran da ya tsallake wannan mataki rabin gyara ne, ko da an karɓi kuɗin cikakke.

Don a gane dalili, sai an fara gyara wata fahimta da ta yaɗu. Gas ɗin firji ba ya ƙarewa kamar yadda man fetur ke ƙarewa a babur. Zagaye yake yi a rufaffiyar hanya. Kwamfireso yana matse shi ya tura shi cikin ragar bututun da ke baya ko ƙasan firji, inda yake sakin zafinsa ya koma ruwa-ruwa. Daga nan ya ratsa diraya, ya shiga wani siririn bututu da ake kira kafilari, wanda a yawancin ƙananan firji faɗin raminsa bai kai milimita ɗaya ba. Da ya fito daga wannan matsatsi zuwa bututun ciki, sai ƙarfin matsinsa ya faɗi, ya tafasa ya koma iska, yana zuƙe zafin kwalaben da ke cikin firji. Sannan ya koma kwamfireso, zagayen ya sake farawa. Firjin da babu rami a jikinsa yana iya shekaru goma da gas ɗin da aka ɗura masa a masana'anta. Saboda haka idan aka ce gas ya ƙare, ma'anar ita ce bututu ya huje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ƙadangaren a nan iska ce mai ɗauke da danshi, wadda takan bi ramin da gas ya fita ta shige, musamman idan yoyon yana ɓangaren da kwamfireso ke zuƙa.

Matsayin diraya a wannan zagaye shi ne na mai gadin ƙofar kafilari. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyi masu kama da tsabar gero, waɗanda aka yi da wani ma'adini mai suna ziyolait. Jikin kowace ƙwaya cike yake da ramuka ƙanana ƙwarai, masu kama ƙwayar zarrar ruwa su riƙe, su bar gas ya wuce. A bakin fita kuma akwai 'yar raga mai tare ɓurɓushin ƙarfe da baƙin walda da sauran datti. Abin lura shi ne ƙwayoyin nan suna da iyaka. A diraya na firjin shago nauyinsu 'yan giram ne kawai, ruwan da za su iya riƙewa kuwa ɗigo-ɗigo ne. Idan suka cika sun gama aiki, babu kuma yadda za a gane haka da ido, domin diraya da ya ƙoshi da wanda yake sabo kamarsu ɗaya daga waje.

Ɗigon ruwa guda a cikin bututun firji yana yin ɓarna iri biyu. Ta farko mai saurin bayyana ce. Ruwan yakan bi gas har bakin kafilari, inda sanyi ya fi tsanani, ya daskare ya toshe hanya. Firji ya daina sanyi alhali kwamfireso yana ta aiki. A kashe shi na ɗan lokaci, ƙanƙarar ta narke, a kunna ya sake yin sanyi, bayan awa ɗaya ko biyu ya sake tsayawa. Wannan ne ciwon da masu shago ke cewa firji yana wasa da hankali. Ɓarna ta biyu a ɓoye take tafiya. Ruwa yana haɗuwa da man da ke cikin kwamfireso ya haifar da asid, asid ɗin ya riƙa cin fentin da ya lulluɓe wayoyin injin a hankali, har ranar da wayoyin za su haɗu su ƙone. Mai shago ba za ta taɓa danganta wannan ƙonewar da gyaran da aka yi mata watanni shida da suka wuce ba, shi ya sa kuskuren yake ta maimaituwa ba tare da an kama shi ba.

Akwai dalilin tarihi da ya sa tsofaffin masu gyara da yawa ba su ɗauki lamarin da zafi ba. Sun koyi sana'a a zamanin gas ɗin R12, wanda ke tafiya da man ma'adini da ba ya saurin shan danshi. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka yi watsi da R12 saboda illarsa ga rufin ozon da ke kare duniya daga zafin hasken rana, kuma wa'adin ƙasashe masu tasowa irin su Gana ya cika a 2010. Gas ɗin da ya maye gurbinsa, R134a, yana tafiya da wani mai na daban da ake kira POE, wanda ke zuƙar danshi daga iska da gaggawa, ya kuma riƙe shi riƙon da famfon zuƙe iska ba ya iya ƙwacewa gaba ɗaya. Diraya ne kaɗai ke iya tsotse ragowar. Abin da Masta ya yi shekaru yana yi yana tsira a zamanin R12, yau idan yaronsa ya kwaikwaya sai kwamfireso ya biya bashin.

Yadda ake aikin daidai ba sirri ba ne. Da farko a gano yoyon a toshe shi. Sannan a yanke tsohon diraya da abin yankan bututu, kada a cire shi da wutar walda, domin zafi yana sa ƙwayoyin su saki ruwan da suka tara ya koma cikin bututu. Sabon diraya kada a cire masa murfi sai a daidai lokacin da za a ɗaura shi. A lura da alkiblarsa, bakin fita ya fuskanci kafilari, ya ɗan karkata ƙasa domin ruwan gas ya taru a bakin. Kada a cusa kafilari ciki har ya huda ragar. Lokacin walda a lulluɓe jikin diraya da jiƙaƙƙen tsumma, a kuma bar iskar naitirojin tana bi ta cikin bututun a hankali don kada baƙin ƙuna ya taru a ciki. Bayan haka a gwada haɗin da matsin naitirojin da kumfar sabulu. Sai a ɗaura famfon zuƙe iska a ja har ma'auni ya sauka wajen maikiron 500, matsayin da ruwa ke tafasa ko a cikin tsananin sanyi, ya fita a matsayin tururi. A ƙarshe a ɗura gas da sikeli, gwargwadon giram ɗin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin firjin. Dabarar nan ta sa kwamfireson firjin ya zuƙe iskar da kansa ba ta fitar da danshi. Haka nan zuba sinadarin hana daskarewa a cikin bututu ɓoye ciwo ne kawai, domin ruwan yana nan yana ci gaba da haifar da asid.

Masu adawa da wannan ƙa'ida suna da hujjoji, kuma sun cancanci a saurare su. Hujja ta farko kuɗi ce. Mai gyara zai ce abokin ciniki a Tamale yana ja-in-ja a kan kowane sidi, wanda ya faɗi farashin cikakken aiki kuwa sai a juya masa baya a kira wani mai araha. Wannan gaskiya ne, amma lissafin bai tsaya a nan ba. Diraya yana cikin mafi arahar kayan da ke jikin firji, kwamfireso kuma shi ne mafi tsada, sau da yawa sai an aiko da shi daga Kumasi ko Akra, shago yana zaune babu sanyi kwana da kwanaki. Idan aka haɗa kuɗin gas karo na biyu da ladan aiki karo na biyu da cinikin da aka rasa da kayan da suka lalace, za a ga wanda ya ƙi sayen diraya ya saye shi ninki da yawa. Araha ba ta ado. Abin da ya rage shi ne mai gyara ya iya bayyana wannan lissafi ga mai shago da harshen da za ta gane, maimakon ya yi shiru ya bi son ranta.

Hujja ta biyu ta yanayi ce. Wasu kan ce iskar arewa busasshiya ce, a lokacin hunturu leɓe ma tsagewa yake yi, to ina danshin da ake tsoro? Amsar ita ce hunturu watanni kaɗan ne, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, damina kuwa takan ɗauki daga Mayu zuwa Oktoba da iska mai nauyin danshi. Firjin da aka gyara a Janairu yana iya kasancewa ya fara yoyo tun a Satumba. Ban da haka, bututun ciki na firjin lemo kullum a jiƙe yake da raɓa saboda yawan buɗe ƙofa, kuma idan ramin a nan yake, ruwa kai tsaye yake shiga. Hunturun ma da nasa sharrin: ƙurarsa tana shiga bututun da aka bari a buɗe, tana kuma toshe ragar baya, kwamfireso ya riƙa aiki cikin zafi fiye da kima, mai ya ƙone ya zama dattin da ke cika diraya.

Hujja ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma daga bakin masu shago take fitowa. Suna tsoron kada ƙa'idar ta zama ƙofar cuta, kowane mai gyara ya riƙa ƙara kuɗin diraya a kan kowane ɗan aiki. Tsoron yana da tushe, don haka dole a fayyace iyaka. Yawancin matsalolin firjin shago ba su shafi bututun gas ba. Fanka ta tsaya, na'urar daidaita sanyi ta mutu, abin tayar da kwamfireso ya ƙone, robar ƙofa ta saki, ragar baya ta cika da ƙura: duk waɗannan ana gyara su ba tare da an taɓa gas ba, kuma wanda ya yanke lafiyayyen bututu a kansu don ya sayar da diraya ya yi zalunci. Haka nan diraya da ya toshe yana da alamu da za a iya nunawa: bakin fitarsa ya fi bakin shiga sanyi, wani lokaci har da raɓa ko ƙanƙara a jikinsa. Idan an same shi a toshe, bai kamata a tsaya ga sauya shi ba, domin ruwa ba ya tsami banza. A bincika abin da ya cika shi, ko ƙonannen mai ne ko dattin tsohuwar walda. Sannan akwai matsalar kayan kasuwa: diraya da ya daɗe a kan teburin mai sayarwa ba murfi ya riga ya ƙoshi da danshin iska, sa shi da barin tsohon duk ɗaya ne.

Batun wutar lantarki, wanda ake yawan jingina masa laifi, ƙara wa hujjar ƙarfi yake yi. Mutanen Gana ba su manta da shekarun dumsor ba, musamman 2014 da 2015, lokacin da wuta ke zuwa tana tafiya ba ƙaƙƙautawa. Ɗaukewar wuta da dawowarta nan take, ko zuwanta da rauni, yana wahalar da kowane kwamfireso. Amma injin da asid ya riga ya cinye fentin wayoyinsa shi ne zai fara faɗuwa. Idan kuma ya ƙone, yakan watsa baƙin mai da asid ko'ina cikin bututu. Ɗaura sabon kwamfireso a kan tsohon diraya a wannan hali kamar zuba sabon nono ne a ƙwaryar da ba a wanke ba, kuma masu ƙera kwamfireso da kansu suna sharɗanta sauya diraya a umarninsu na ɗaurawa.

Lamarin ya wuce aljihun Hajiya. Kilo ɗaya na R134a da ya tsere sama yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na iskar kabon a tsawon shekaru ɗari. Gyaran Kigali na 2016, wanda Gana ta amince da shi, ya tsara rage amfani da irin wannan gas daki-daki, har ya kai ragin kashi 80 cikin ɗari a 2045 ga rukunin ƙasashen da Gana ke ciki. Duk gyaran da aka maimaita saboda an ƙi sa diraya, gas ne aka saki sau biyu inda sau ɗaya ya isa. Tun 2013 kuma Gana ta fara aiwatar da haramcin shigo da tsofaffin firji, sababbin da ke shigowa kuwa da yawansu suna aiki da R600a ko R290. Waɗannan ba su da illa sosai ga yanayi, amma suna kama wuta, kuma abin da ake ɗurawa sau da yawa bai kai giram 150 ba, don haka kuskuren 'yan giram yana ɓata sanyi. A kan irin wannan firji, kai wutar walda kusa da tsohon diraya kafin a fitar da gas a wanke bututu da naitirojin kasada ce da rai, a cikin kasuwar da shaguna ke manne da juna.

Gyaran wannan ɗabi'a yana hannun masu koyarwa. Yawancin masu gyaran firji a Tamale a shagon Masta suka koya, yaro yana kallo yana kwaikwayo har ranar da za a yaye shi. Abin da Masta ya tsallake, yaransa goma za su tsallake. Hukumar kare muhalli ta Gana, wadda ke da sashen kula da al'amuran ozon, da ƙungiyar masu shagunan gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki ta ƙasa, NARWOA, da Jami'ar Fasaha ta Tamale, su ne suka fi dacewa su kai wannan darasi har bakin shago, da Dagbanci da Hausa, tun da da su ake ciniki a kasuwa. Kayan aiki masu tsada kamar famfon zuƙe iska da tukunyar naitirojin da sikeli, masu gyara na unguwa ɗaya suna iya haɗa kuɗi su mallaka tare, kamar yadda ake adashi.

Hausawan zangon Tamale suna da abin tunawa a tarihinsu. Kakannin da yawa daga cikinsu fataucin goro ne ya kawo su wannan yanki, ta hanyar Salaga, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa 'yan kasuwarta zuwa wasu garuruwa, kafin kuma Turawan Ingila su mai da Tamale hedikwatar yankunan arewa a 1907. Falken goro ya san cewa idan ya kwance huhu a hanya, sai ya tsince wanda ƙwaro ya taɓa, ya sauya ganyen da ya lalace, sannan ya ɗaure. Mai saye a Kano ba ya ganin wannan aiki, amma yana ganin sakamakonsa ranar da ya buɗe kaya, kuma da haka ake sanin falken da za a sake ba amana. Mai gyaran firji ma aikinsa a bayan firji yake, inda idon mai shago ba ya kai wa.

Abin da mai shago za ta yi bai buƙatar ta san sunan kowane gas. Tambayoyi uku sun ishe ta kafin a fara aiki: za a buɗe bututun gas? Idan za a buɗe, ina sabon diraya da murfinsa a rufe? Ina famfon zuƙe iska da sikeli? Bayan an gama kuma ta ce, "Masta, ba ni tsohon in gani." Mai gyaran da ya san aikinsa zai miƙa mata shi, bakinsa biyu a yanke tsaf ba alamar ƙuna, ya kuma rubuta ranar gyaran da nauyin gas ɗin da ya ɗura a jikin firjin, domin wanda zai zo bayansa ya san inda aka tsaya.